HUTUN SHEKARA NA MA'AIKACI: YADDA A KE LISSAFINSA DA KWANA DA AWA

In an ɗebe maganar albashi, da wuya a sami abin da ya ke jawo gardama tsakanin ma'aikaci da akawun ofis kamar ranar komowa daga hutu. Ma'aikaci ya tafi garinsu da zaton ran Talata zai komo bakin aiki, akawu kuwa ran Littinin ya rubuta a littafi. In ya iso sai ya tarar an sa masa fashin kwana ɗaya, watakila har an yanke masa kuɗi. Sau da yawa babu wanda ya yi nufin zamba a cikinsu. Abin da ya faru shi ne kowannensu da mudun da ya yi awo da shi, gama kalmar nan "kwana" ma'ana biyu gare ta a wurin aiki, wani lokaci ma har uku. An shirya wannan ɗan littafi ne domin ma'aikata da akawuna da masu ɗaukar mutane aiki su san mudun da ya kamata a daidaita a kansa tun kafin a soma awo.

ABIN DA DOKA TA CE

Dokar Ƙwadago ta Nijeriya ta yi maganar hutu a sashe na 18. Ta ce duk ma'aikacin da ya cika wata goma sha biyu yana aiki ba yankewa, yana da hakkin hutu tare da cikakken biya na ranakun aiki shida aƙalla. In kuwa yaro ne wanda bai kai shekara goma sha shida ba, ko da mai koyon sana'a ne, to, nasa ranakun aiki goma sha biyu ne. Waɗannan adadi biyu sun girmi dokar kanta. Su ne ke cikin yarjejeniyar da Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta yi a birnin Janeba a shekarar 1936. A shekarar 1970 ƙungiyar ta sake wata yarjejeniya inda ta ɗaga hutun zuwa mako uku na aiki, amma kwana shidan nan su ne a rubuce cikin dokar Nijeriya.

Sai a lura, shida ɗin nan su ne mafi ƙaranci. Maigida, watau wanda ya ɗauki mutum aiki, ko mutum ɗaya ne ko kamfani, yana da ikon ya ƙara, ba shi da ikon ya rage. Kamfanoni da yawa suna ba da fiye da haka nesa, kuma abin da aka rubuta a takardar ɗaukar aiki ya zama hakki, ba alfarma ba. Sashe na 7 na dokar ya tilasta wa maigida ya ba ma'aikaci wannan takarda kafin wata uku su wuce da soma aikinsa, a bayyana a ciki lokutan aiki da hutu da kuɗin hutu. Wanda bai karɓi tasa ba, ya kamata ya nema, domin duk lissafin da za a yi daga cikinta a ke farawa.

Dokar ba ta haɗa kowa da kowa ba. Sashe na 91 ya ware masu aikin mulki da gudanarwa, da ƙwararru irin su likitoci da lauyoyi da injiniyoyi, da kuma iyalin maigida. Su waɗannan yarjejeniyarsu ce ke faɗin hutunsu. Ma'aikatan gwamnati kuwa suna da littafin ƙa'idodin aikinsu dabam, inda a ke raba hutu bisa ga matakin albashi.

RANAR AIKI DA KWANAN KALANDA

Nan ne yawancin rigima ta ke. Kwanan kalanda shi ne kowace rana da ta fito ta faɗi, har da Asabar da Lahadi. Ranar aiki kuwa ita ce ranar da ya kamata a ga ma'aikaci a bakin aikinsa da ba hutu ya ke yi ba. Ranar da dama can ba ta aiki ba ce, ba a cewa an ba mutum ita hutu, kamar yadda ba a ba mutum kyautar rigar da ke wuyansa.

A ɗauki misalin akawu biyu, kowanne yana aiki daga Littinin zuwa Jumma'a, kowanne takardarsa ta ce hutu kwana 21. Na farko kwanakin kalanda aka rubuta masa. In ya tashi ran Littinin, mako uku cur zai yi, ya komo Littinin ta huɗu. A cikin makon ukun nan ranakun aiki 15 kaɗai ya huta, sauran shidan Asabar ne da Lahadi, waɗanda nasa ne tun asali. Na biyu ranakun aiki aka rubuta masa. Shi zai yi mako huɗu da kwana ɗaya, sai ran Talata ta mako na biyar za a gan shi, watau kwana 29 ke nan ba ya nan. Adadin da ke kan takarda ɗaya ne, amma tsakaninsu akwai ranakun aiki shida, daidai da dukan hutun da doka ta yanke wa lebura na shekara guda.

Ko kwana shidan doka ma tsawonsu ba ɗaya ba ne ga kowa. Ga mai aiki daga Littinin zuwa Asabar mako ɗaya ne daidai. Ga mai aikin kwana biyar kuwa, mako ɗaya ne da ƙarin Littinin mai zuwa.

Wanda ya ke da dangi suna aiki a ƙasashen maƙwabta zai ƙara gane wannan bambanci. A Jamhuriyar Nijar, dokar ƙwadago ta shekarar 2012 ta ba ma'aikaci kwana biyu da rabi na kalanda a kan kowane wata da ya yi aiki, watau kwana 30 a shekara. A Gana, dokar shekarar 2003 ta ce ranakun aiki 15 aƙalla. Mai ji daga nesa sai ya ce na Nijar ya ninka na Gana. Ba haka ba ne. Kwana 30 na kalanda da suka fara ran Littinin, ga mai aikin kwana biyar, ranakun aiki 22 ne. Ya fi 15, gaskiya ne, amma da bakwai ya fi shi.

Sauran maganar ranakun hutun gwamnati, irin su Sallah ƙarama da babba, da Mauludi, da Kirsimeti, da 1 ga Mayu, da 12 ga Yuni, da 1 ga Oktoba. In da ranakun aiki a ke lissafi, waɗannan ba su shiga, tun da ba ranakun aiki ba ne. A shekarar 2025, ran 1 ga Oktoba ta faɗo a Laraba. Ma'aikacin da ya soma hutun ranakun aiki goma ran Littinin 29 ga Satumba, a makon farko huɗu ya ci, a na biyu biyar, ta goma ita ce Littinin 13 ga Oktoba. Sai ya komo ran Talata 14 ga wata. Akawun da ya ce goma ai mako biyu ne, ya rubuta 13, ya ci wa mutum kwana ɗaya. Sallah kuwa ta fi wuya, domin ranarta ta danganta da ganin wata, gwamnati kuma sai dab da ita ta ke sanar da ranakun hutu, wani lokaci mutum ya riga ya yi nisa. Sabo da haka akawu mai hankali ya kan rubuta a takardar hutun cewa ranar komowa za ta matsa gaba in hutun Sallah ya faɗo a ciki.

ABIN DA WATA ƊAYA KE KAWOWA

Hutu taruwa ya ke yi kaɗan kaɗan, kamar adashi. In a na so a san rabon wata ɗaya, sai a raba kwanakin shekara gida goma sha biyu. Mai kwana 6 yana tara rabin kwana a wata. Mai 15, kwana ɗaya da rubu'i. Mai 21, kwana ɗaya da rubu'i uku. Mai 30, kwana biyu da rabi.

A wurin doka, hakkin tafiya hutu ba ya nuna sai an cika wata goma sha biyu. Amma wurare da yawa suna bin shekarar hutu guda ga kowa, daga Janairu zuwa Disamba, domin littafi ya daidaita. To, in an ɗauki mutum ran 1 ga Afrilu a wurin da a ke ba da ranakun aiki 21, wata tara zai yi a wannan shekara. Tara sau ɗaya da rubu'i uku ya ba da kwana 15 da rubu'i uku. Ga gardama ta taso: maigida ya ce 15, ma'aikaci ya ce 16, kowa yana jan guntun zuwa gefensa.

AMFANIN AWA

Wannan guntu shi ne dalilin da ya sa a ke mai da kwana awa. In ranar aikin mutumin nan awa 8 ce, hutunsa na shekara 21 sau 8 ne, watau awa 168. A raba gida goma sha biyu, kowane wata awa 14, babu saura. Wata tara sun ba da awa 126, su ne kwana 15 da awa 6. Awa shidan nan a na iya ba shi su ranar da zai kai mai ɗakinsa asibiti, ko a ajiye masa su har baɗi. Ba wanda ya ci wani.

Amma fa sai an tabbata ko awa nawa ce ranar aikin. Sashe na 13 ya ce wanda ke aiki awa shida ko fiye a rana, lalle a ba shi hutawa wadda jimlarta ba ta gaza awa ɗaya ba. Mai shiga ƙarfe takwas ya tashi ƙarfe biyar, awa tara ya ke yi a wurin, amma in aka fid da ta cin abinci da salla, takwas ce ta aiki. Da wadda aka tara hutu, da ita za a ɗebe shi. In an tara da takwas aka riƙa ɗebewa da tara, kwana 21 sai su koma ƙasa da 19.

Akwai wani kuskure da ya yawaita tun da aka soma lissafi da kwamfuta. Awa minti sittin ce, ba ɗari ba. Awa bakwai da rabi, a lissafin ɗigo, 7.5 a ke rubutawa. Akawu sai ya duba agogo ya ga 7.30, ya buga haka. 21 sau 7.5 ya ba da awa 157 da rabi, 21 sau 7.30 kuwa 153.3 ya ke bayarwa. An yi hasarar awa huɗu da minti goma sha biyu, fiye da rabin yini, kuma na'ura ba za ta yi magana ba, abin da aka ba ta shi ta ke lissafawa. Minti 15 shi ne 0.25, minti 30 shi ne 0.5, minti 45 shi ne 0.75. Ya kyautu a rubuta wannan a manna a bango kusa da teburin akawu.

Inda ranakun mako duk tsawonsu ɗaya ne, lissafi da kwana ya isa. Inda suka bambanta, sai da awa. A ofisoshin da a ke tashi da ƙarfe ɗaya ran Jumma'a domin masallaci, a ce Littinin zuwa Alhamis awa takwas takwas, Jumma'a awa biyar, makon ya zama awa 37. Hutun kwana 20 mako huɗu ne, watau awa 148. In an yarda a riƙa ɗaukar hutu ɗai ɗai kuma a na ƙirge da kwana, mai wayo zai zaɓi Littinin ashirin ya huta awa 160, wanda bai lura ba ya ɗauki Jumma'a ashirin ya tashi da awa 100. A littafi su biyun daidai su ke, alhali tsakaninsu akwai awa 60, fiye da aikin mako ɗaya da rabi. In da awa a ke ɗebewa, Littinin ta ci takwas, Jumma'a ta ci biyar, wayo ya ƙare.

MASU GADI DA MASU AIKIN KARƁA-KARƁA

Waɗannan su aka fi ƙwara, wani lokaci kuwa su ke ƙwarar maigida ba da saninsu ba. Hanyar da ta fi sauƙi ita ce a fara tambaya: hutun nan mako nawa ne? In an sami amsa, sai a duba awa nawa mutum ke yi a mako, a ninka.

A ce wata masana'anta a Sharaɗa ta Kano tana ba da ranakun aiki 18. Leburanta yana yin kwana shida a mako, awa takwas takwas, jimla 48. Hutunsa mako uku ne, awa 144. Maigadinta yana kwana huɗu a mako, awa goma sha biyu kowane dare, shi ma jimla 48. Tun da aikinsu na mako ɗaya ne, ya kamata hutunsu ya zama ɗaya: awa 144, waɗanda ga maigadi dare 12 ne, mako uku cur. In akawu ya ba shi dare 18 domin takarda ta ce 18, ya ba shi mako huɗu da rabi, lebura kuwa zai ga an yi masa rashin adalci. In kuma akawu ya ba shi 12 ɗin amma ya ƙirga su a jere daga Littinin zuwa Asabar, har da ranakun da dama ba ya gadi, to, mako biyu kaɗai ya ba shi, ya cinye masa ɗaya. Maganin duka shi ne takardar ɗaukar aikin maigadi ta faɗi hutunsa da mako ko da awa tun farko.

Haka kuma mai aikin wasu ranaku. Malamar da ke koyarwa kwana uku a mako, a makarantar da masu kwana biyar ke samun kwana 20, tana da mako huɗu kamar kowa, watau kwana 12 nata. In Littinin awa takwas ta ke yi, Laraba huɗu, Jumma'a huɗu, makonta awa 16 ne, hutunta awa 64.

Akwai kuma wanda lokacinsa ba shi da tsari, wannan mako da yawa, wancan kaɗan. Dokar ba ta shimfiɗa hanya ta musamman dominsa ba, amma hankali ya kan kai ga guda. Shekara mako 52 ce. In hutu mako huɗu ne, saura 48 na aiki, watau kowace awa goma sha biyu ta aiki tana haifar da awa ɗaya ta hutu. Wanda littafi ya nuna ya yi awa 900, ya tara 75. Kowace hanya aka bi dai, kada abin da ya fito ya gaza ranakun aiki shida ga wanda ya cika shekara.

SAYAR DA HUTU DA JINKIRTA SHI

Ma'aikata da yawa, musamman in hidima ta taso, sun fi so a ba su kuɗi su ci gaba da aiki. Doka ta hana wannan. Muddin mutum yana kan aikinsa, laifi ne maigida ya biya shi kuɗi maimakon kwanakin da doka ta yanke, ko da ma'aikacin ne da kansa ya roƙa. Dalilin a fili ya ke. Da an buɗe wannan ƙofa, da talaka bai taɓa hutawa ba, domin kullum akwai bukatar da ta fi gajiya ƙarfi. Abin da aka yarda shi ne jinkirtawa, in su biyun sun amince, amma kada lokacin tarawa ya wuce wata 24.

Ciwo kuma ba hutu ba ne. Sashe na 16 ya ba ma'aikaci har ranakun aiki goma sha biyu da biya a shekara in likita ya ba da shaida, kuma shafinsu dabam ne a littafi. Haka hutun haihuwa na mata, wanda ke sashe na 54.

IN AIKI YA ƘARE

A nan ne kaɗai hutu ke zama kuɗi. Wanda ya bar aiki bayan ya yi wata shida ko fiye, tun daga ranar da aka ɗauke shi ko tun daga lokacin da hutunsa na baya ya nuna, za a biya shi wani kashi na albashin mako ɗaya, gwargwadon watannin da ya yi cikin goma sha biyu. Wanda ya tafi a wata na biyar ba shi da kome a wurin doka, sai ko in takardarsa ta ba shi.

Da wane albashi za a yi lissafin? Sashe na 19 ya ce da tsabar albashi kaɗai, ban da alawus, ban da kuɗin aikin da ya wuce lokaci. A ce mutum yana karɓar Naira 140,000 a wata, amma 36,000 alawus ne na mota da na gida. Da Naira 104,000 za a yi aiki. Kada a raba wannan gida huɗu a ce an sami na mako, domin in ba Fabrairu ba babu watan da ya tsaya a kan mako huɗu. Sai a ninka sau 12, a sami 1,248,000 na shekara, a raba gida 52, a sami Naira 24,000 na mako. In wata tara ya yi, tara cikin goma sha biyu rubu'i uku ne, hakkinsa Naira 18,000. Wannan lissafin mafi ƙaranci ne. In takardarsa ta ba shi kwana 21 kuma ta ce a biya abin da ya rage, sai a koma ga awa 126 ɗin nan da aka lissafa a baya, a fid da abin da ya riga ya ci, a ninka saura da kuɗin awa ɗaya. Ga mai awa 40 a mako, kuɗin awa ɗaya Naira 600 ne, awa 126 kuwa Naira 75,600.

LITTAFIN HUTU

Doka ta wajabta wa maigida ya ajiye rubutun albashi da sharuɗɗan aikin mutanensa. A shafin kowane ma'aikaci ya kamata a ga ranar da aka ɗauke shi, da hutunsa na shekara tare da bayanin ko ranakun aiki ne, ko kwanakin kalanda, ko awa, da ranar tashi da ta komowa a kowane karo, da abin da ya rage. Ma'aikaci ya sa hannu ko ya dangwala yatsa bayan an karanta masa, a kuma ba shi kofe ya adana a gida.

In saɓani ya taso, sai a fara da zama da akawu a sake lissafin a kan kalanda, rana bayan rana, a gaban wakilin ƙungiyar ma'aikata in akwai. In abin ya gagara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a babban birnin jiha, inda jami'in ƙwadago zai kira ɓangarorin biyu. In nan ma ba a daidaita ba, shari'ar ta Kotun Ma'aikata ta Ƙasa ce, wadda ke da zama a Abuja da Kano da Kaduna da wasu biranen. Mai zuwa kai ƙara ya riƙe takardar ɗaukar aikinsa, da takardun albashinsa, da kofen shafinsa na littafin hutu.